Orfiyus da matarsa: sai an karanta labarin kafin a ji kiɗan?

Ummu Safiyya:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Ƙanena ya turo mini bidiyon wani wasan opera, makaɗa cike da dandamali kowa da gogensa a kafaɗa, sunan abin Orfeo ed Euridice na wani Gluck. Kiɗan ya shige ni, amma waƙar da Italiyanci ake yi, ban san kan labarin ba. An ce mini daga tatsuniyoyin Girkawa aka ɗauko shi. To wane littafi zan fara da shi? Kuma dole ne sai na karanta kafin in fahimci kiɗan, ko kunne kaɗai ya isa?

Hajiya Mai Laburare:
Wa'alaikumus salam 'yata. Nemi littafin Edith Hamilton mai suna Mythology, na 1942. Turancinsa ba mai karya haƙori ba ne, kuma a farkon kowane labari takan faɗa miki daga wane tsohon marubuci ta ɗauko. Labarin Orfiyus shafuka kaɗan ne a ciki, kafin shayinki ya huce kin gama. Akwai na Robert Graves na 1955, The Greek Myths, amma ban ba ki shawarar farawa da shi ba. Yana jero ruwayoyi da yawa, wannan ya yi kyau, sai dai bayanin da yake liƙawa a ƙarshen kowane babi yawanci ra'ayin kansa ne, masana fannin ba su yarda da shi ba.

Malamin Adabi:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, amma a nan zan ɗan saɓa miki. Hamilton takan wanke labari tas ta goge shi kafin ta miƙa wa mai karatu. Masu rubuta wa Monteverdi (wani makaɗin Italiya da shi ma ya yi wasa a kan labarin) da Gluck waƙoƙi ba irin wannan taƙaitawa suka karanta ba, Obid da Barjil, mawaƙan tsohuwar Rum, suka sha tun suna makaranta. Ummu Safiyya, je ki tushe kai tsaye. Obid mawaƙin Rum ne, ya kammala Metamorphoses wajen shekara ta 8 bayan haihuwar Annabi Isa (AS), shekarar da sarki Agustus ya kore shi zuwa Tomis a bakin Baƙin Teku. Kashi 15 ne, labarai kusan 250, duk a kan rikiɗa: mutum ya zama itace, budurwa ta zama tsuntsuwa. Naki yana farkon kashi na 10.

Ga yadda ya kawo shi. Orfiyus makaɗin molo ne wanda in ya taɓa tsirkiya namun daji da itatuwa sukan biyo shi. Bai daɗe da ɗaura aure ba, amarya Yuridisi tana yawo a ciyawa da ƙawayenta, maciji ya sare ta a diddige, ta mutu. Ya bi ta har ƙasar matattu, ya tsaya gaban sarkin wurin da matarsa ya yi waƙa. Nan ne Obid ya nuna gwaninta. Bai tsaya yana cewa waƙar ta yi daɗi ba, sai ya nuna miki abin da ta yi wa masu shan azaba: Tantalus ya daina bin ruwan da ke guje masa, ƙafar keken nan mai juyawa da aka ɗaure Iksiyon a kanta ta tsaya cak, Sisifus da ke tura dutse kullum ya samu wuri a kan dutsen ya zauna. Aka ba shi matarsa da sharaɗi guda, kada ya waiwaya sai sun fito. Saura ƙiris su iso sarari, tsoro da ɗoki suka sa ya juya. Shi ke nan, ta koma.

Ummu Safiyya:
Kai! Saura ƙiris fa? Wannan ai ganganci ne. Mutum ya sha wahalar nan duka sannan ya kasa riƙe wuyansa.

Ɗan Damagaram:
Anti, ke da Barjil ra'ayinku ɗaya. Shi ya riga Obid kawo labarin, a kashi na 4 na waƙarsa ta noma, Georgics, wajen shekara ta 29 kafin haihuwar Annabi Isa. A wurinsa matar ta yi magana, ta tambayi mijin wace irin hauka ce ta hallaka su su biyu. Obid kuwa ya ce ba ta yi ƙorafi ba, don me za ta yi kuka da shi in ban da cewa an so ta? Kin ga marubuci na biyu yana mayar wa na farko martani ne. Wanda ya karanta taƙaitawa kaɗai ba zai taɓa ganin wannan ja-in-ja ba.
Masu karanta Faransanci irinmu, ƙamus na Pierre Grimal na 1951 shi ne abokin tafiya. Ba a karanta shi daga bango zuwa bango, in suna ya shige maka duhu ne kake buɗawa.

Alaramma na Zaure:
Jama'a, ni fa ina da magana. Kun zauna kuna ta "sarkin matattu", "allolin Girka", kamar ba komai. Waɗannan gumaka ne aka bauta musu. Musulmi ya ɓata lokacinsa a kan labarin shirka, sannan ya ɗora da goge? Ina jiye mana.

Ɗan Zango Kumasi:
An zo wurin. Na san ba za a tashi ba Alaramma bai ɗaga yatsa ba.

Malamin Adabi:
Allah gafarta Malam, tsoronka yana kan hanya, ba zan raina shi ba. Amma a zaurukanmu ana karanta waƙoƙin Jahiliyya, Imru'ul Ƙaisi da su Antara, kuma ka fi ni sanin abin da ke cikin ta Imru'ul Ƙaisi. Ba don a yi koyi da shi ake karantawa ba, don harshe ne da sanin yadda mutanen suka rayu. Ibnul Kalbi ya rubuta Kitabul Asnam, littafi sukutum a kan gumakan Larabawa, sunayensu da inda aka kafa su da ƙabilun da ke bauta musu, malamai kuma suka riƙa naƙalto daga gare shi. Sanin abu daban, imani da shi daban.
Su kansu Girkawan ba duka suka haɗiye ba. Zenofanis ya zargi manyan mawaƙansu Homa da Hesiyod da jingina wa alloli duk abin kunya na 'yan Adam, sata da zina da yaudara. Aflatun ma a littafinsa na Jamhuriya cewa ya yi a hana yara irin waɗannan labarai. Shi Obid da kansa, in ka karanta shi za ka ji rabin abin da wasa yake yi.

Alaramma na Zaure:
Na ji ta karatu, Malam, ko da yake ɗalibin zaure yana da malami a gabansa mai ce masa nan ɓata ne. Wa zai ce wa yaron da ke karantawa a waya shi kaɗai? Kuma ba ka ce komai a kan kiɗan ba.

Shugaban Zaure:
Alaramma, ranka ya daɗe, tambayarka ta farko mai nauyi ce, kuma don haka ma aka buɗe wannan wuri, a karanta tare a tattauna. Hukuncin kiɗa kuwa malamai sun daɗe suna saɓani a kai, Imam Gazali ya ware masa babi a Ihya, Ibn Hazm yana da nasa ra'ayi, masu haramtawa suna da hujjojinsu. Ba a nan za mu raba wannan gardama ba, kowa ya koma wa malaminsa. Wanda bai sauraren kiɗa ya tsaya a kan littattafan, ba wanda zai tsangwame shi. A ci gaba.

Mai Fiyano:
Na gode Shugaba. Ummu Safiyya, tambayarki ta biyu ce ba a amsa ba, kuma ita ce tawa. Amsata: a'a, ba dole ba ne. Ke da kanki kin ce kiɗan ya shige ki tun ba ki san komai ba. To me kuma littafi zai ƙara? Malaman adabi suna son su mai da kowane abu sharhi.
Bari in ba ku hujja daga cikin wasan da ake magana. Waƙar da ta fi shahara a ciki ita ce wadda Orfiyus yake yi bayan matar ta sake mutuwa, yana cewa yaya zan yi ba Yuridisi. Saurare ta da kyau. Karin a buɗe yake, mai haske, ba irin karin makoki da kunne ke jira ba. Tun a zamanin Gluck wani Bafaranshe ya ce da za a canza kalmomin a ce "na samu matata" maimakon "na rasa matata", karin zai zauna daram. Eduard Hanslick ya ɗauko wannan magana a ɗan littafinsa na 1854 a kan kyawun kiɗa, ya kafa hujja da ita cewa sauti ba ya ba da labari, ba ya cewa "baƙin ciki" ko "murna", tsarin sauti ne mai motsi kawai. Mu ne muke ɗora masa labari.

Malamin Adabi:
Maigida, ka zaɓi waƙar da ta dace da kai ka bar sauran. Koma kashi na biyu na wasan, bakin ƙofar ƙasar matattu. Ummu Safiyya, buɗe bidiyonki daidai nan. Za ki ji manyan gogunan nan masu kauri suna wani irin zamewa da gurnani. Haushin kare ne, Sarbarus mai kai uku da ke gadin ƙofa. Daga nan sai komai ya lafa, molo ya shigo shi kaɗai, Orfiyus ya fara roƙo. Kafin ya kai ƙarshen jimla taron aljanun ramuwa su daka masa tsawa da kalma guda, a'a. Ya sake roƙo, a'a. Ya sake. Sannu a hankali tsawar tana laushi, amsarsu tana tsawo tana sanyi, har su buɗe masa hanya. Wanda bai san akwai kare a ƙofar ba zai ji ƙara ce kawai. Wanda ya sani zai yi murmushi. Wannan ba ƙari ba ne?

Mai Fiyano:
Ƙari ne, amma na ilimi, ba na kunne ba. Laushin da tsawar ke yi ai kowa zai ji shi ko bai taɓa jin sunan Girka ba.

Malamin Adabi:
Zai ji laushi, ba zai san me ya yi laushin ba.

Mai Fiyano:
To ga gwaji. Beethoven yana da kiɗan fiyano da okestira (babban taron makaɗa) na 4, wanda aka fara yi wa jama'a a Biyena a Disambar 1808. Kashi na tsakiya gajere ne, minti biyar ko kusa. Masu goge duka su shigo da murya ɗaya, a gutsure, da kaushi. Fiyano ya amsa a hankali kamar mai ba da haƙuri. Su sake tasowa, ya sake amsawa. Suna ta musaya har gogunan su rage murya, su koma raɗa, fiyano ya ci gaba shi kaɗai. Babu kalma ko ɗaya a ciki, kuma Beethoven bai rubuta sunan Orfiyus a takardar ba. Bayan mutuwarsa ne wani masani, Adolf Bernhard Marx, ya kwatanta shi da Orfiyus a gaban masu gadin ƙasar matattu, maganar ta bi duniya. Yanzu duk wanda aka gaya wa haka ba ya iya jin kiɗan ba tare da hoton ba. An ƙara masa ne ko an ɗaure masa kunne?

Ɗan Damagaram:
Yallaɓai, wannan misali ai takobi ne mai kaifi biyu. In mutane suka ji kiɗa ba kalma suka ce wannan Orfiyus ne, ashe sauti yana iya ɗaukar siffar labari ke nan: mai ƙarfi da mai rauni, roƙo da ƙi, sannan sassauci. Hanslick bai ci gari ba tukuna. A shekarar da littafinsa ya fito ma, 1854, Liszt ya yi nasa kiɗan okestira mai suna Orpheus a Weimar, a matsayin buɗe taro kafin a nuna wasan Gluck, da molo biyu a ciki. Shi a fili ya ce labari yake bi, har ya rubuta gabatarwa yana ambaton wani tsohon tulu mai zanen Orfiyus da ya gani a gidan tarihin Louvre. Rigimar nan taku ta raba makaɗan Jamus gida biyu shekara da shekaru.

Ummu Safiyya:
Ku dakata mini, kun yi nisa. Abu biyu sun ɗaure mini kai. Na ɗaya, a bidiyona mace ce take fitowa a Orfiyus, sanye da kayan maza. Na biyu, a ƙarshe na ga matar ta tashi ana ta rawa. Malam kuma ya ce ta koma. Wanne ne gaskiya?

Hajiya Mai Laburare:
Na farkon ba daɗin faɗi. A Italiya ta wancan zamani akan yi wa yara maza masu murya dandaƙa kafin su balaga don muryar ta zauna sama. Irin wannan mawaƙi, Gaetano Guadagni, Gluck ya rubuta wa rawar a 1762. Da al'adar ta mutu sai mata masu kaurin murya suka gaje ta. Makaɗin Faransa Berlioz ya gyara wasan a 1859 saboda wata mawaƙiya, Pauline Viardot, daga nan abin ya zama jiki. Yanzu wani lokaci mace, wani lokaci namiji mai iya siririyar murya.

Malamin Adabi:
Na biyun kuwa shi ne babbar hujjata a kan Mai Fiyano. An fara nuna wasan ranar 5 ga Oktoba 1762 a Biyena, don bikin ranar waliyyin da sarki Francis na ɗaya ya ci sunansa. Ba a tashi taron fada da gawa. Sai aka sa allan soyayya ya fito ya ce an gwada ka ka ci, ga matarka. Monteverdi ma da ya yi nasa L'Orfeo a fadar Mantuwa a 1607, rubutun waƙar da aka raba wa mahalarta ya ƙare da wasu mata masu bautar Bakus, allan giya, suna neman Orfiyus, amma takardar kiɗan da aka buga a 1609 ta sa Afolo, allan kiɗa, ya sauko ya ɗauke shi zuwa sama.
A Obid ba haka. Kashi na 11, matan suka yi masa rubdugu da duwatsu da sanduna. Da farko duwatsun suna faɗuwa a ƙafarsa saboda daɗin waƙar, sai suka ɗaga ihu da ganguna da ƙaho har muryarsa ta nutse, sannan jifa ya fara samunsa. Suka yayyaga shi, kansa da molonsa suka bi kogin Hebrus har tsibirin Lesbos. In ba ki karanta wannan ba, ba za ki san Gluck ya canza komai ba, balle ki tambayi dalili. Za ki ɗauka labarin soyayya ne mai ƙarewa da biki.

Ɗan Zango Kumasi:
Wato tun 1762 ake yi wa masu kallo irin ta finafinanmu, a kashe jaruma a asibiti sannan likita ya fito ya ce ta farfaɗo. Ni dai na fi son na Obid. Amma kun bar Aflatun a baya. A littafinsa Symposium an sa wani ya ce Orfiyus rago ne, bai iya mutuwa don matarsa ba sai ya nemi shiga da rai ta hanyar dabara, shi ya sa inuwarta kawai aka nuna masa. Matan zauren nan me kuka ce?

Ummu Safiyya:
Mun ce a bar mana mijinmu da rai, yaya. Wanda ya mutu ai bai dawo da kowa ba.

Mai Fiyano:
Malam, na yarda da rabin maganarka: don a gane abin da marubucin wasan ya yi da labarin, sai an karanta. Amma wannan tarihin wasan ne. Saurari sarewar nan da Gluck ya ƙara a fassarar Faransanci ta Paris a 1774, wurin rawar rayuka masu ni'ima. Sarewa ɗaya a sama, goguna suna rarrafe a ƙasa. Berlioz ya kawo ta misali a littafinsa na kayan kiɗan okestira don ya nuna abin da sarewa ke iyawa wanda wani abin busa ba ya iyawa. Babu layi ɗaya a Obid da zai shirya ki don ita. Littafin da Ummu Safiyya ke buƙata a nan na koyon sauraro ne, kamar na Aaron Copland na 1939, What to Listen for in Music. Ta san dangogi huɗu na okestira, masu tsirkiya da na busa na itace da na busa na tagulla da na bugu. Ta san dalilin da ya sa kafin a fara ake jin wani abu mai muryar algaita ya ja sauti guda kowa ya daidaita da shi. Ta san mutumin da ke tsaye da 'yar sanda ba ado yake ba. Monteverdi ma da kayan kiɗa ya raba duniyoyin biyu, goge da sarewa ga makiyaya, manyan ƙahonin tagulla ga ƙasar matattu. Wannan kunne ne zai gaya miki.

Ɗaliba daga Khartoum:
Salam, na shigo a makare. Ga masu Larabci irin su Alaramma: Sarwat Ukasha, wanda ya taɓa zama ministan al'adu na Masar, ya fassara littafin Obid da sunan Maskhul Ka'inat. Iliyad ta Homa kuma Sulaiman al-Bustani ya mai da ita waƙar Larabci, aka buga a Alƙahira a 1904, da doguwar gabatarwa da yake gwama ta da waƙoƙin Larabawa na dā. Ni da ita na fara, kuma ta fi mini sauƙin shiga fiye da Turancin.

Alaramma na Zaure:
Ta Bustani zan duba, 'yata, saboda gabatarwar. Gogen dai na bar muku.

Ɗan Damagaram:
Ƙarin bayani kaɗan: sunan nan ya taɓa zuwa kusa da gida. Mujallar adabi da Ulli Beier ya kafa a Ibadan a 1957 sunanta Black Orpheus, an aro shi daga gabatarwar da Sartre ya rubuta wa kundin waƙoƙin da Senghor ya tattara a 1948. Marubutan Afirka da yawa a nan aka fara ganin aikinsu.

Shugaban Zaure:
To ga abin da za mu yi, tunda Malam da Mai Fiyano ba mai sauka. Mu kasu biyu. Masu sunan da ya fara daga A zuwa H su karanta farkon kashi na 10 da farkon na 11 na Obid, sannan su saurari kashi na tsakiya na kiɗan Beethoven. Sauran su saurara tukuna, su rubuta abin da suka ji, sannan su karanta. Ranar Asabar bayan Isha'i kowa ya kawo nasa.

Mai Fiyano:
Shugaba, gwajin ya lalace tun kafin a fara. Duk wanda ke zauren nan ya riga ya karanta abin da na rubuta a kan kiɗan. Sai dai kowa ya kunna wa wani a gida wanda bai ga hirar nan ba, kada ya ce masa komai, ya tambaye shi me ya ji.

Ɗan Zango Kumasi:
Zan gwada a kan kakata. In ta ce rigimar mai haya da mai gida ce, haka zan rubuto muku ba gyara.

Hajiya Mai Laburare:
A turo mana wanda bai da nauyi don Allah, data ta yi tsada. Kuma wanda ke da Obid na takarda a Kano ya yi mini magana ta gefe, idona ba ya jure karatu a waya.